Ranar da Aka Fasa Lintar Injiniya

Jama'ar da ke bibiyar labarin jikata, ina gaisuwa, da fatan kowa ya wuni lafiya. Ke kuma da kika rubuto min cewa tsohuwa kamata bai dace ta riƙa baza sirrin gida a waya ba, na ga saƙonki, na gode. Ga ki dai yau ma kin dawo karantawa, sai ki gyara zama.

Ga wanda yau ya shigo cikinmu: ni ce kakar Injiniya, ni na haifi ubanta. Sunan ya bi ta tun tana 'yar mitsitsiya, ranar da ta kwance min rediyo kaf ta mayar da shi, kusoshi suka yi saura a hannunta, amma rediyon ya ci gaba da surutunsa. Yanzu tana jami'a tana karatun injiniyan gine-gine. Tana kuma da saurayi mai kantin magani, wanda na laƙaba wa Ɗan Ƙamshi, don turarensa ne ke riga shi yin sallama. Yaro ne mai ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai ban taɓa ganin ƙura a takalminsa ba, ni kuwa namijin da takalminsa ba ya ƙura ina sa masa ido.

Da a zatona jami'a littafi ne da tabarau. Sai wannan zangon yarinya ta fara dawo min gida kamar an tono ta daga rami. Siminti a gira, siminti a bakin mayafi, tafin hannu ya yi kaushi har yana kama zaren zanin gado.

Na ce, "Ke, karatu aka kai ki ko leburanci?"

Ta ce, "Duka biyun, Kaka. Malaminmu ya ce wanda bai taɓa kwaɓa kankare da hannunsa ba, ba shi da bakin ba magini umarni."

Ta zauna a bakin gadona tana cire safa tana min bayani. An raba su rukuni-rukuni, ita tana tare da maza biyu, Dogo da Mai Tabarau. Kowane rukuni zai yi lintarsa, wato doguwar kankaren nan da ake ɗorawa a saman ƙofa don ta riƙe ginin da ke kanta. Su za su yi lissafi, su yanka rodi, su lanƙwasa zobba su ɗaure da waya, su buga katako, su kwaɓa, su zuba. Daga nan su lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, kullum sai an je an ba ta ruwa kamar sabon dashe, har ta cika kwanakinta.

Na ce, "To in ta cika sai a kai ta ina?"

"Sai a fasa ta."

"A yi me?"

"A fasa ta, Kaka. A ɗora ta a inji a yi ta dannewa har ta karye."

Na dube ta, na dubi hannuwan nan. Na ce, "Malamin naku lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Ta yi dariya har da kwanciya. Ta ce ai fasawar ita ce jarrabawar. Kafin a kunna inji, kowane ɗalibi zai ɗauki alli ya zana a jikin lintar inda yake ganin za ta karye. In ka san abin da ka gina, ka san inda zai gaza. Kuma ranar fasawa ba a ɗaga ta, don kankare kullum ƙara ƙarfi yake yi, in aka wuce ranar lissafi ya ɓaci. Wanda bai zo ya ja allinsa da hannunsa ba, ba shi da maki, sai dai ya maimaita baɗi.

To ku riƙe wannan, don a nan rigimar take.

Mahaifiyar Ɗan Ƙamshi a wani gari take zaune, ba ta taɓa ganin Injiniya ido da ido ba. Sai ga saƙo wai za ta zo ganin yarinya da safe, da yamma kuma ta hau jirgi zuwa wajen 'yarta da ta kusa haihuwa, ba a san ranar dawowarta ba. Surukata, uwar Injiniya, ta amsa da "Allah ya kawo ki lafiya" ba tare da ta tambayi kowa ba. Wace rana ce? Ranar fasa linta.

Gida ya kama da wuta. Aka sauke labule aka wanke. Aka fito da kofunan nan masu bakin zinariya da ni kaina ban taɓa shan ruwa a ciki ba, ni da gidan ɗana. Aka karɓo leshi ruwan zuma daga wajen tela, da mayafi mai duwatsu, da takalmi mai tsinin da za a iya huda buhu da shi. Hannuwan yarinya kuwa suka shiga uku: safe da yamma surukata na dama musu mai, ta naɗe su a leda kamar za a ajiye su a firij.

"Umma, ranar ce fa ake fasa lintarmu."

"Sai a fasa mana. Mazan nan biyu hannu ne ba su da shi?"

"Umma, shekara guda zan rasa."

"Ina miki maganar rayuwa kina min maganar shekara? Matar nan sau ɗaya za ta zo."

Muka juya wajen ɗana. Shi kuwa tun yana yaro in ya hango rigima sai ya tuna yana da aiki a waje. Ya ce, "Ku dai sasanta," ya ɗauki makullin mota.

Ana jibi za a zo, Injiniya ta bar wayarta a kan gadona ta shiga wanka. Ni karatuna a hankali nake yinsa, ban yi nisa a makaranta ba, amma a wayar mutane ba na tsallake ko harafi ɗaya.

Ɗan Ƙamshi ya rubuto: "Rabin raina, Hajiya ba ta son a ɗaga mata rana. Kallo ɗaya take wa mutum ta yanke hukunci. Don Allah ki bar wa su Dogo su fasa dutsen nan."

Ta mayar masa: "Ba dutse ba ne. Aikina ne."

Ya ce: "Na sani. Amma bayan aure ai ba siminti za ki kwaɓa ba. Ga gida can ina gina miki, ke naki shiga kawai."

Na fita daga hirarsu. Na gangara ƙasa na tarar da saƙon Dogo: "Har yanzu kina kan bakanki? Ni da Mai Tabarau tsakiya za mu ja. Ajin nan kaf tsakiya za su ja."

Ta ce masa: "Ku ja. Ni na ɗaure zobban nan, na san inda suka ƙare mana."

Wannan na san labarinsa, don ranar da abin ya faru da fushi ta dawo. Malam ya ba kowane rukuni rodi daidai buƙata. Dogo, da rawar kai, ya yanka na zobban ya zarce awo, sai rodi ya ƙare tun ba su kai ƙarshen lintar ba. Suka je roƙon ƙari. Malam ya ce babu, a wajen gini ma haka ake kuskure, su zuba a haka su gaya masa abin da zai biyo baya.

Na ajiye wayar yadda na same ta. Da ta fito na ga idanunta sun yi ja, kuma ba sabulu ba ne.

Ranar ta zo. Tun da hantsi surukata ta shirya ta tsaf. Leshi ya zauna, mayafi na walƙiya, an zizara kwalli. Kyau kam ta yi, har na ji haushin nawa zamanin ya wuce. Amma ta zauna a kujera kamar wadda ke jiran allura, tana satar kallon agogon bango.

Sai na dafe ƙirji na ce, "Wayyo ni. Maganin hawan jinina ya ƙare."

Surukata ta leƙo daga kicin. "Inna, yau kuma?"

"To ki bari in faɗi a gaban baƙi, sai ku yi biyu, ganin yarinya da ta'aziyya. Ke Injiniya, zo ɗaki ki karɓi kwalin ki sayo min."

Muna shiga na mayar da ƙofa. Na janyo jaka daga ƙarƙashin gado: rigar aikinta, da takalman nan nata masu nauyi kamar na soja. Tun jiya na ɓoye su.

Ta zaro ido. "Kaka, Umma za ta kashe ni."

"Sai ta fara ta kaina, ni kuwa na tsufa, asarar kaɗan ce. Tuɓe."

"Hajiyarsa fa? In ta yi fushi shi ke nan."

Na ce, "Kina son yaron nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina sonsa."

"To ki je ki ja allinki. Tsohuwa ki bar wa tsohuwa."

Ta fita ta ƙofar baya. Leshin na rataye shi a ƙofar ɗakina, na koma falo na zauna ina jan carbi kamar mutuniyar kirki.

Ba a jima ba mota ta tsaya. Hajiya ta shigo, gajeriyar mace ce cikin farin mayafi, tabarau da sarƙa a wuya, fuska ba wasa. An ce shekara da shekaru ita ke shugabantar ma'aikatan jinya a wani asibiti, kuma da ganin tafiyarta ka san ta saba ta shigo wuri kowa ya miƙe. Aka gaisa, aka kawo shayi a kofunan zinariya. Surukata ta shiga ta fito, ta shiga ta fito, tana cewa, "Tana shiryawa, yanzu za ta fito." A fitowar ƙarshe ta wurga min wani kallo, na gane ta ga leshin.

Shayi ya huce. Hajiya ta duba agogon hannunta.

Na tashi da sandata na ɗauko leshin da maratayinsa, na shimfiɗa a kujerar da ke kusa da ita. Na ce, "Hajiya, in leshi kika zo gani, ga shi, taɓa ki ji, mai kyau ne. In kuma yarinya kika zo gani, ba ta nan, sai dai mu tashi mu same ta."

Tire ya kusa suɓucewa daga hannun surukata. "Inna!"

Hajiya ta sauke tabarau ta dube ni. "Wato an san zan zo, ta fita."

"An sani. Ni na fitar da ita."

"Me ya fi zuwana muhimmanci?"

Na ce, "Kankare."

Na ce a raina, tsohuwa, yau kin kashe auren jikarki da bakinki. Sai Hajiya ta ɗauki jakarta ta miƙe.

"Ina son in ga kankaren da ya fi ni."

Haka muka cika motarta, surukata a gefena tana karanto addu'o'i ƙasa-ƙasa, tana matse min cinya da gwiwa da gangan.

Ɗakin gwajin nasu ba ɗaki ba ne, sito ne guda. Rufin ƙarfe can sama, sarƙoƙi na reto, warin jiƙaƙƙen siminti, baro da shebur an jingine a bango, an ja layi ruwan ɗorawa a ƙasa. Mai kula da wurin ya tare mu a ƙofa ya ce ba mai shiga sai da hular kwano. Na ɗora tawa a kan ɗankwali. Hajiya ta ɗora tata a kan farin mayafi. Surukata ta riƙe tata a hannu har sai da ya nuna mata kanta da yatsa.

Mun zo a daidai. An ɗora lintar su Injiniya a kan inji, an shafe ta da farar ƙasa don tsaga ta fito fili. Dogo da Mai Tabarau sun riga sun ja nasu da shuɗin alli, a miƙe, a tsakiya. Sai ga jikata ta fito daga cikin ɗalibai da rigar aiki, kwallin da uwarta ta zizara mata yana nan a ido. Ta ɗauki jan alli. Ta ɗago kai ta gan mu.

Ta dubi Hajiya, ta dubi uwarta, ta dube ni. Na ɗaga mata sanda. Sai ta juya mana baya, ta wuce tsakiya, ta tafi can kusa da ƙarshe, ta ja layi a karkace daga ƙasa zuwa sama.

Malaminsu, wani ɗan siririn mutum da ya naɗe hannun riga, ya ce, "Kin tabbata? Duk waɗanda aka fasa yau a tsakiya suka karye."

"Na tabbata, Malam. Nasu zobba sun kai ƙarshe. Namu a nan suka ƙare, tazarar ta yi yawa."

"In kika faɗi fa?"

"Sai in san abin da ban sani ba."

Ya ce a kunna. Inji ya fara gurnani, wani ƙarfe ya sauko ya dafa bayan lintar. Shiru, shiru. Can sai ga 'yan tsaga sirara kamar gashi suna fitowa a tsakiya, daidai shuɗin alli. Dogo ya washe baki ya daki kafaɗar Mai Tabarau.

Surukata ta raɗa min, "Shi ke nan, Inna. Ta rasa can, ta rasa nan. Hankalinki ya kwanta?"

Amma na lura Injiniya ko kallon tsakiyar ba ta yi. Ta durƙusa a bayan layi da 'yar tocila, ta ƙura wa jan allinta ido kamar kyanwa a bakin rami. Sai ta ɗaga hannu.

"Malam, ga ta nan. Kowa ya ja baya!"

Ba ta rufe baki ba muka ji tau! kamar an harba bindiga. Ƙura ta tashi. Da ta lafa sai ga linta ta dare a karkace, tsagar ta bi jan allin nan tun daga ƙasa har sama, kamar da wuƙa yarinyar ta ja shi.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Hular kwanona ta faɗi ta gangara har ƙarƙashin baro. Ɗalibai suka ɗauki tafi. Na ce da ƙarfi, "Jikata ce! Ni na haifi ubanta!" Mai kula da wurin ya ce, "Kaka, a koma bayan layi." Na ce, "Kai ma ka koma, ka taɓa haihuwar injiniya?"

Malam ya tara su a gaban tsagar. Ya ce, "Ku duba da kyau. Ta tsakiya tana gargaɗi, a hankali take buɗewa, mutum ya samu ya fita. Wannan ta karkacen ba ta sallama. Duk inda kuka gan ta a gini, ku fara fitar da mutane kafin ku fara lissafi." Ya juya ga Dogo ya ce, "Kai kuma ka gode wa kuskurenka, yau ya koyar da aji guda."

Na waiga in ga surukata, sai na tarar tana share ido da bakin mayafi. Ta ce ƙura ce. Na ce ai kuwa ƙurar nan ta iya zaɓen ido.

Saura Hajiya. Tun da aka fara ba ta motsa ba. Sai da mutane suka ragu ta yafito Injiniya da hannu. Yarinya ta zo ta durƙusa har ƙasa da takalman sojanta.

"Hajiya, sannu da zuwa. Ki yafe ni, ban kyauta ba."

"Ba ki kyauta ba kam. Miƙo hannunki."

Ta miƙa. Hajiya ta juya su gaba da baya, ta shafa kaushin da babban yatsa. Surukata ta buɗe baki za ta fara ba da haƙuri, wai ana shafa mai. Hajiya ta katse ta.

"Bar su. Nawa sun fi haka lokacin da nake aiki, sabulun asibiti ya cinye su. Uban yaron nan bai fasa aurena ba." Ta dubi Injiniya. "Tashi, 'yata. Na ga abin da na zo gani."

'Yata! Kun ji fa. Na ji kamar a ba ni fili in taka rawa da sandata.

Amma Hajiya ba ta saki hannun ba, kuma fuskarta ba ta saki ba. Ta sake duban lintar da ta dare, ta daɗe tana kallo. Sannan ta buɗe jaka ta ciro waya, ta lalubo wani hoto ta miƙa mata.

"Duba min wannan."

Na miƙa wuya, ai kun san ba za a bar ni a baya ba. Sabon gini ne, ƙofa mai faɗi, an yi filasta. A saman ƙofar, can wajen kusurwa, ga tsaga a karkace daga ƙasa zuwa sama. Ko ni da ban yi jami'a ba sai da na waiga na dubi jan allin.

Injiniya ta buɗa hoton da yatsunta masu siminti. "Hajiya, ina ne nan?"

"Gidan da yake gina miki. Ƙofar falo ce, kuma akwai bene a kanta. Magini ya ce filasta ce kawai. An shafe, tsagar ta dawo, an sake shafewa ta sake dawowa. Ɗana ya ce a shafe a yi fenti kafin ki gani, kada ranki ya ɓaci."

"Ni ɗaliba ce, Hajiya, sai Malam ya je ya gani da idonsa. Amma kafin nan kada kowa ya sake tsayawa a ƙarƙashin ƙofar nan."

Hajiya ta ce, "Yana can tun safe. Shi da masu fenti."

Daidai nan waya ta ɗau ruri a aljihun rigar aikin Injiniya. Ta ciro. Na hango sunan da ta sa masa, da 'yar jar zuciya a gefe. Na san abin da ya kira ya tambaya: ya Hajiya ta gan ki, leshin ya yi kyau?

Jikata ta goge hannu a jikin riga, ta jefa jan allin a aljihu, ta yafito Malam da ɗaya hannun, sannan ta ɗaga. Ko sallamarsa ba ta bari ya ƙarasa ba.

"A ina kake tsaye yanzu?"

Ni kuwa na sa sanda na janyo hular kwanona daga ƙarƙashin baro na mayar a kai, don na ga alama yau ba a gama da ita ba.